Tsutsar da Ba Ta da Tsinke

A shekarun fari, ina aikin malamin gona a wani ƙauye da ke yankin Kunci. Gonakin wurin manne suke da juna, babu saura, babu daji, sai layin gamba a tsakanin wannan da waccan. Ruwan shuka kan sauko, mutane su zuba iri, sannan sama ta ɗauke har tsiron ya ƙone. Wanda ya sake shuka, daga abincin gidansa ya ɗiba. Abin da ya rage wa talaka shi ne dashe: ya je gonar da tsironta ya rayu, ya roƙi abin da aka cire wajen rage shuka, ya cike guraben tasa idan an sami yayyafi.

Akwai wani dattijo a ƙauyen da gonarsa ba ta cika mutuwa ba. Tun rani yake jigilar taki a kan jakinsa, har ƙasar ta yi baƙi, tana riƙe laima. Kakanninsa daga gabas suka zo, amma babu wanda yake tuna wannan. Kowa Baba yake ce masa. Da gangan yake cika iri a rami domin a sami na cirewa. Na sha tsayawa a bakin gonar ina jin yadda yake karɓar masu roƙo.

"Baba, a taimaka da 'yan tsiro."

"Kai ne kuma? Wanda ya shuka rabin irinsa ya dafa rabi? Shiga ka cira, amma ka taka mini wake sai na haɗa ka da surukinka."

Haka za su fito da ƙullin tsiron dawa, saiwoyin da ɗanyar ƙasa a jiki, ana dariya.

A wata damina sai dawa ta fara lalacewa a gonaki da yawa, wuri-wuri. Ganye ya yi rawaya, kara ya ƙi tashi, idan ka tuge sai ka ga saiwar ta gajarce, da tabo-tabo masu duhu. An zaci ƙuduji ne, ciyawar nan mai shanye ƙarfin dawa, amma ba a ga tsironsa ba. Ofishinmu ya umarce ni da in ɗebo ƙasa da saiwa daga gonakin ƙauyen, masu lafiya da marasa lafiya. Na ɗeba, na rubuta wa kowane ƙunshi gonar da ya fito, na kai ɗakin awo a birni. Zatonmu tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani sai da madubin da ke ƙara girman abu.

Aikin yana bukatar haƙuri. A shimfiɗa ƙasar a kan rariya, a ɗora bisa faranti mai ruwa, a jira tsutsotsin su gangaro. A ƙarƙashin madubi duk kamar zare suke, amma ba iri ɗaya ba ne. Mai cutar da shuka tana da ɗan tsinke a baki wanda take huda saiwa da shi. Wadda ba ta da shi, ruɓaɓɓen abu take bi, ba ruwanta da dawa. A cikin masu tsinken ma, sai an dubi siffar wutsiya da yadda jikin ke lanƙwashewa kafin a san ko mai shiga cikin saiwa ce ko mai tsayawa a waje.

Ban yi nisa ba sai babban jami'in shiyyarmu ya leƙo. Farantin da ke gabana na gonar Baba ne. Ya sa ido, ya ga ruwan cike da tsutsotsi suna motsi, fiye da na kowace gona. Ya tambayi ko ta wane ne, na gaya masa, har da zancen dashen.

Ya miƙe ya ce, "Ai ga tushen cutar nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yawa ba shaida ba ne. Ban tantance irinsu ba tukuna."

"Malam, tsutsa ai tsutsa ce. Manoma suna jiran magana, kai kana nan kana auna wutsiya."

A makon ya tafi ƙauyen da mota, aka tara jama'a a ƙofar dagaci. Ya ce cutar tana bin saiwar dashe ne, kuma ta fito daga gonar da suke zuwa ɗiba. Bai ambaci kowa ba, kuma babu bukata. An gaya mini Baba yana zaune a sahun gaba, mutanen da ke kusa da shi suka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan.

Na ci gaba da aikina har na kammala. Tsutsotsin gonar Baba, galibinsu ba su da tsinke. Takin da yake zubawa ne ya tara su. 'Yan kaɗan masu tsinken da na gani ba masu shiga saiwa ba ne. Mai shiga saiwar na same ta a gonakin da suka lalace, har da waɗanda masu su ba su taɓa karɓar tsiro ko ɗaya daga hannun Baba ba. Tana cikin ƙasarsu tun da daɗewa. Fari da gajiyar ƙasa ne suka raunana dawar har ta ci ƙarfinta.

Na kai wa jami'in sakamakon, na roƙe shi ya koma ya gyara maganarsa a inda ya faɗe ta. Ya ce an riga an aika rahoto sama, kuma ba ya son a rikitar da manoma. Har yau idan na tuna wannan amsa raina yana ɓaci. An zubar da mutuncin mutum a gaban jama'a cikin gaggawa, amma maido da shi ya zama abin da babu lokacinsa.

Na hau kekena na tafi ƙauyen. Bayan sallar Juma'a na nemi izinin liman, na yi bayani dalla-dalla. Suka saurara da ladabi. Da na gama, wani magidanci ya ce, "Malam, mun ji. Amma waccan maganar da mota aka kawo ta." Daga baya wani ya ƙara da cewa, dama ai su Baba ba 'yan asalin nan ba ne. A duk zamana a ƙauyen, ranar na fara jin haka.

Na sami Baba a gona, na maimaita masa komai. Ya dubi kunyoyin, sannan ya juyo gare ni.

"Kana da tabbas, Malam?"

"Ina da shi, Baba. Da idona na gani."

"Shi ma wancan da idonsa ya gani. In kai ne ka yi kuskure fa? Abincin marayu ne nake wasa da shi."

Mutanen gari na iya ƙin yarda da ni, wannan na ɗauka. Ban taɓa zaton shi kansa zai yarda da laifin ba.

Da damina ta zagayo, ruwa ya sake ɗaukewa bayan shuka. Gonarsa ta rayu kamar kullum, babu wanda ya je. Sai wata tsohuwa mai riƙon jikoki, wadda yunwa ta fi mata tsoron cuta, ta same shi ta ce ko kaɗan ne ya ba ta. Ya hana ta. Shi da bakinsa ya ba ni labarin, yana share ido da hannun riga. Ya ce tana tafiya ya tattara abin da ya cire, ya haƙa rami a ƙarshen gonar ya binne, don kada wani ya tsinta. Gonar tsohuwar kuwa na wuce ta da kaka, rabinta ƙasa ce tsirara.