Ubale Gola da 'Yan Tarwaɗa

Sunansa na yanka Muhammad, amma da yake sunan kakansa ya ci, tun yana goye ake kiransa Ubale. Daga baya mutanen gari suka ƙara masa Gola, har ya zamana in ka shiga Sabuwar Ɗinya ka ce Malam Muhammad kake nema, sai an yi ta kallon juna kafin a gane wanda kake nufi.

A Kwarin Ɗinya aka haife shi, ƙauyen da yanzu yake kwance a ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga. Yana da shekara bakwai aka kwashe su da komatsansu zuwa kan tudu, aka yanka wa kowane magidanci filin gida da 'yar gona. Gonar ba ta isa ci da iyali ba, sai mahaifinsa ya koyi sana'ar kamun kifi da girmansa. Shi kuwa Ubale da filafilin tuƙa kwalekwale a hannu ya tashi. Kafin ya kai sha biyar ya iya jefa birgin kamun kifi, ya iya saƙa raga, kafaɗunsa sun buɗe, tafin hannunsa ya yi kanta.

Ƙwallo ta same shi ne wata rana da ya kai kifi Bebeji, yana saurayi ɗan shekara goma sha takwas. Ya biyo ta filin wata makaranta ya tarar samari sun rabu gida biyu, amma ɓangare ɗaya ba su da mai tsaron gida. Wani ya hango tsawonsa ya ce mai kifi ya zo ya tsaya musu. Ubale ya ajiye kwando a inuwa ya shiga, bai san doka ko ɗaya ba sai abin da aka gaya masa, cewa kada ya bari ta wuce. Ba ta wuce ba kuwa. Duk wadda aka bugo sai ya cafe ta sama ko ƙasa, 'yan kallo suna ta shewa. Da ya tuna da kwandonsa rana ta yi nisa, kifin ya fara saki, ranar ya sha faɗa a gida. Amma ko a jikinsa, domin zuciyarsa tana can filin.

Cikin sati biyu ya tara samari goma sha huɗu. Matsalar ita ce wurin wasa. Mutanen da ruwa ya cinye musu gonaki ba sa wasa da taƙi ɗaya na ƙasa, kowa aka tambaya sai ya girgiza kai. Ubale ne ya lura da wani shimfiɗaɗɗen wuri a bakin dam, wanda ruwa yake janyewa ya bari da rani, da 'yar ciyawa kore shar. Suka sare itacen turare suka kafa turaku, shi kuma ya zauna kwana huɗu ya saƙa musu raga daga tsohon kallin da mahaifinsa yake kamun kifi da shi. A lokacin ko a manyan garuruwan yankin ba kowane fili ne yake da raga ba. In damina ta faɗi ruwa ya fara tasowa, sai su tumɓuke turakun su ɗora a kwalekwale su kai gida, su jira wani ranin.

Ranar da suka fara atisaye sai ga Malam Muhuyi, limamin gari kuma mai makarantar allo, ya gangaro da sandarsa. Samari suka yi cirko-cirko, wasu har sun fara neman takalmansu. Ubale ya je ya durƙusa ya gaishe shi. Malam ya daɗe yana duban turakun, sannan ya kafa musu sharaɗi uku: da an kira la'asar a tsaya, kada ya ji an zagi iyayen wani, kuma wando ya rufe gwiwa. Suka ce sun yarda. Washegari ya dawo wai don ya ga ko sun cika alkawari, jibi ma ya dawo, kafin wata ya ƙare har buzunsa ake shimfiɗa masa a gefen fili, kuma shi yake fara gane an yi satar gida.

Wasansu na farko a waje sun yi shi ne da wata ƙungiya a Kiru, aka zura musu bakwai ba ko ɗaya. Ba cin ne ya fi ƙona musu rai ba, 'yan kallo ne da suka riƙa toshe hanci suna kiransu 'yan tarwaɗa. A bayan motar da ta kwaso su kowa ya sunkuyar da kai. Can Ubale ya fashe da dariya.

"Wai a cikinku wa ya taɓa riƙe tarwaɗa da hannu ɗaya ta tsaya masa?" in ji shi. "To sun raɗa mana suna, kuma mun karɓa."

Haka ƙungiyar ta samu sunanta. Kulsumu, wadda ya aura a shekarar da ta biyo baya, ita ta ɗinka musu rigunan farko na baƙin yadi, ta yi wa kowacce lamba da farin ƙyalle a baya. Lamba shida da lamba tara sun fito iri ɗaya, sai dai a gane su da fuska.

Sun yi shekaru suna ci ana cinsu, baya da ƙarfi, gaba ba mai zura ƙwallo. Sai wani rani wani Bafulatani siriri mai suna Mainasara ya kawo shanu shan ruwa kusa da filin. Ƙwallo ta gangara wurinsa, aka ce ya turo musu. Ya ɗora sandarsa a kafaɗa, ya ɗauke ta da ƙafar hagu ba ko takalmi, daga wajen da ya fi tsakiyar fili nisa. Ubale yana tsaye a raga bai ma motsa ba, sai ƙarar ragarsa ya ji ta yage a bayansa. Sau uku yana takawa har rugarsu a wajen Ɗansoshiya, yana gaida mahaifin Mainasara da ɗan guntun Fulatancin da ya iya, kafin tsohon ya yarda ɗansa ya riƙa zuwa ran Alhamis da Lahadi, in ƙannensa sun karɓi kiwo.

Shekara goma sha biyu da kafa ƙungiyar, matasan yankin suka shirya gasar kofi ta ƙauyuka. Tarwaɗa suka fitar da 'yan Badafi, suka rama wa kansu a Kiru da ci biyu, suka je har Doguwa suka dawo da nasara. Sai dai gasar ta yi ta jan ƙafa har damina ta yi tsakiya, filinsu ya daɗe da nutsewa. Wasan ƙarshe aka sa shi a wani gari can tsallaken ruwa, ta ɓangaren Tudun Wada, kuma doka ta ce ƙungiyar da ba ta iso fili ƙarfe huɗu da rabi ba, an ba abokan karawarta kofi.

Da hantsi suka cika bas ɗin Habu direba, gari ya rako su har bakin hanya. Ba su yi tafiyar rabin awa ba suka tarar da layin motoci. Ruwan da aka kwana ana yi ya tafi da kwalbati, hanya ta rabu biyu, rafi yana ta tafasa a tsakani. Habu ya sauka ya duba, ya dawo ya ce in zagaye za a yi, ko tashi motar take ba za su isa kafin magariba ba. A zamanin ba wayar hannu balle a kira a ba da uzuri. Wani ɗan baya ya zauna a bakin titi ya rufe fuska da rigarsa.

Ubale ya dubi rana, ya dubi inda ruwan dam yake ƙyalli daga nesa, ya ce Habu ya juya mota. Tun kafin bas ta gama tsayawa a gari ya dira da gudu, yana bi gida-gida yana buga wa masunta ƙofa. Kafin a idar da azahar kwalekwale shida sun jeru a bakin ruwa, kowanne da matuƙa biyu. Kulsumu da matan unguwa suka gangaro da kwanon dambu da jarkar kunu. Malam Muhuyi ya tsaya ruwa yana taɓa masa ƙafa, ya yi musu addu'a, sannan ya naɗe babbar rigarsa ya ce a matsa masa wuri, da shi za a je.

Mutum ɗaya ne ya ƙi motsi. Mainasara, wanda bai taɓa jin tsoron bijimi ba, ya tsaya nesa da gaɓa ya ce shi ko rafi ba ya shiga in ya wuce gwiwa, a je a buga ba shi.

"Mainasara, ni zan tuƙa ka da hannuna," in ji Ubale. "Ka kwanta a ƙasan jirgi ka rufe ido. In ka ji ko ɗigo ɗaya ya taɓa ka, na yarda ka daina gaishe ni."

Da ƙyar aka shigar da shi. Ya kwanta rigingine, ya ja hula ya rufe fuska, yana karanto duk addu'ar da ya sani, rabi da Larabci rabi da Fulatanci. Alkawarin Ubale bai kai minti biyar ba, domin suna barin gaɓa iska ta taso, igiyar ruwa ta riƙa watso musu a jiki, 'yan wasa suna kwashe ruwan daga jirgi da kwanon dambu. Masunta suka ɗauki waƙa, filafili yana faɗawa tare, kwalekwalen suna tsere da juna. Awa biyu cur suna tuƙi. Da suka taɓa gaɓa suka yi la'asar a gurguje a kan yashi, sannan suka kwasa da gudu ta cikin gonakin dawa, takalma a rataye a wuya.

A can fili kuwa huɗu da rabi ta cika. Alƙalin wasa ya sa usur a baki zai tashi taro, sai Sadiq, kyaftin ɗin masu gida, ya riƙe masa hannu. Wani manomi ya riga ya kawo labari cewa ya hango jirage shida sun nufo gaɓa. Sadiq ya ce mutanen da suka tsallako dam don su buga da su, ba zai karɓi kofi a bayan idonsu ba, a ƙara musu minti goma. Ba a cinye goman ba sai ga Tarwaɗa sun ɓullo daga cikin dawa, jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, Malam Muhuyi a can baya yana ɗaga sanda. Filin gaba ɗaya ya ɗauki tafi, har da masu goyon bayan gida.

Rabin farko bai yi musu daɗi ba. Hannuwan Ubale sun mutu da tuƙi, ƙwallon da kullum yake cafewa da wasa ta zame masa ta shige. Mainasara kuma yana ta tangaɗi, ya ce ƙasa ce take lilo da shi. A hutun rabin lokaci aka ba shi kunu, ya zauna ya dafa ƙasa da hannu biyu har ya tabbatar ta tsaya. Da aka dawo sai ya zama wani mutum daban. Ya yanke 'yan baya biyu ya farke cin, bayan minti goma kuma aka bugo kwana ya tashi sama ya sa mata kai. Biyu da ɗaya.

Daga nan masu gida suka taso gaba ɗayansu. Saura ƙiris a tashi, Sadiq ya kuɓuce ya zo daga shi sai gola, ya saki wata irin ƙwallo mai ƙarfi. Ubale ya ba hannuwansa umarni suka ƙi tashi, sai kawai ya tare ta da fuska. Ya faɗi, ƙwallo ta yi waje, usur ya tashi. Da ya farfaɗo ya ga sama tana juyawa, ashe a kafaɗun mutane yake, haƙorinsa ɗaya na gaba ya tafi, yana dariya jini yana zuba a baƙar rigarsa.

Sadiq ne ya sauke su a gidan mahaifinsa. Washegari da safe suka hau ruwa da kofi a jirgin gaba, tun daga nesa suke jin kalangu a gaɓar Sabuwar Ɗinya. Mainasara dai ya rantse ba zai sake ba. Ta ƙasa ya zagayo, wani wuri a ƙafa wani wuri a achaɓa, ya iso bayan kwana biyu an gama rabon naman ragon da aka yanka, sai ƙafa da aka ajiye masa.

A satin nan dattawan gari suka zauna, mutum huɗu masu gonaki maƙwabta kowa ya saki gefe, aka haɗa wa ƙungiyar fili a kan tudu bayan makarantar firamare. Ubale ya ƙara shekara shida a raga, sannan ya koma koci. An yi lokacin da samari suka watse zuwa Kano da Abuja neman aiki har aka kasa haɗa mutum goma sha ɗaya, shekara uku ciyawa ta rufe filin. Shi ya riƙa zuwa da lauje yana yankewa, har wasu suka taso. Yanzu Munir, ɗan Mainasara na biyu, shi ne koci, ƙungiyar tana buga gasar ƙaramar hukuma, an kuma taɓa ɗaukar ɗan wasansu ɗaya zuwa wani kulob a birni.

Ubale ya haura sittin, gwiwa ta fara ba shi matsala, amma ba wasan da yake wuce shi. Bara wani alƙalin wasa ya kore shi daga bayan raga, saboda ya cika gaya wa gola inda zai faɗi da ƙarfin murya, har 'yan gaban abokan karawa suna ji suna canza wuri. Bai yi musu ba, ya ɗauki kujerarsa ya koma gindin mangwaron da ke can gefe. Sai da aka ba da fenariti aka lura ya cire hularsa ya riƙe ta a hannun dama, gola kuma yana satar kallonsa. Gola ya faɗi dama ya ture ta. Alƙalin ya juyo ya dube shi, Ubale ya mayar da hularsa, ya ce zafi ne ya dame shi.