Labbo, Nauyin Jigon Gulma

A Gulma ta ƙasar Argungu, zamanin da komai sai an tafi Sakkwato a sa hannu, an yi wani manomin albasa, Labbo Hodi. Mutane na ce mishi rago, shi kuwa yana cewa bai ƙi aiki ba, gumi ne ba ya shiri da shi. Tun yana saurayi ba a taɓa ganin ya ɗaga buhu ba. Sai ya jingina katako a gindin amalanke ya mirgina buhun sama, yana cewa doguwar hanya mai sauƙi ta fi gajeruwa mai karya ƙugu.

Gadonsa fadama ce ƴar fangali arba'in a bakin gulbi, da jigon ban-ruwa: doguwar sanda bisa gwafa, guga a dogon gefe, curin laka a gajeren. Ka ja igiya guga ya nutse, ka saki, laka ta ɗago maka ruwa. Labbo ya daɗe yana kallon lakar nan da hassada. Ita ce ke rabin aikin, kuma a zaune take yinsa.

Shekara biyu albasarsa na bushewa. A ta uku wansa Ummaru, mutumin da ko sallama ka yi sai ya yi gardamar lokacinta, ya rantse in ya zo ranar Juma'a ya tarar da fangali ɗaya a bushe, zai karɓe fadamar ya ba surukinsa. Labbo ba shi da wata ƙasa. In ta tafi, sai dako a kasuwar Birnin Kebbi, inda buhu ba ya jiran katako.

Ranar Alhamis ya yi ta tunani har curin lakar ya tsage don rana, ya faɗo. Wani da sai ya kwaɓa sabo. Labbo ya ɗaura kwando a gurbinsa, ya shimfiɗa buzu, ya shiga ya zauna.

Haka Ummaru ya same shi da hantsin Juma'a, fangali duk sun yi fari.

"Mi kaka yi cikin kwando, kai wofi?"

"Aiki nika yi, Yaya. Ni na laka."

Ummaru ya ce ko jaki ya san mutum ba ya zama nauyin jigo. Labbo ya ce ai ba a gardama da igiya tana rataye, a ja a gani. Ummaru ya ja, da ƙyar Labbo ya ɗaga, da ya saki kuwa guga ya yi tsalle ya juye a kansa. Ummaru ya share fuska ya ce to ga shi nan, Labbo ya yi nesa da gwafa, shi ya sa nauyinsa ya yi yawa. Labbo ya ce sam, nisa ba ya ƙara wa mutum nama. Ummaru ya matsar da kwandon kusa da gwafa da hannunsa, ya ja da yatsa uku, amma guga ya ƙi fitowa daga ruwa. Ya ce yanzu kuma ya yi kusa. Labbo ya ce bai yarda ba.

Aka matsa tafin hannu, aka gwada. Aka koma rabin tafi, aka gwada. Kowane gwaji guga ɗaya ne, kuma Ummaru ba ya iya zubar da ruwa a banza, sai cikin lambatun da ke kai ruwa fangali. Duk sanda jigon ya daidaita, Labbo sai ya ce sa'a ce, a maimaita sau goma. Yana sama yana ƙasa, har ya ɗan yi gyangyaɗi.

Ana kiran salla Ummaru ya tsaya yana haki, ya ce yanzu wa ya yi gaskiya. Labbo ya ce Yaya ne, tun farko ma. Ummaru ya juya don ya nuna busasshen fangalin da zai karɓi fadama da shi, ya bi su ɗaya ɗaya har arba'in, laka na kama mishi takalmi. Rantsuwa kuwa rantsuwa ce.

Fadama ta zauna hannun Labbo har ƙarshen ransa. Gulma ba ta taɓa rasa mai gardama ba, shi kuma bai taɓa yarda da kowa kafin guga ɗari ba. Ƙiba ta zo mishi, kowace shekara ana matsar da kwandonsa kusa da gwafa, har masu sayen albasa daga Argungu suka koma duba kwandon kafin su duba gona.