Na Ce Su Harbe Ni a Hanyar Sunkani

Jama'a, yau da bakina na ce a harbe ni!

Kun san bindigar wasan nan tawa mai aiki da gas, mai harba ƙananan ƙwallayen roba. Da safe na sa ta a jaka, na hau babur zan je gona, don birai sun addabi masarata. A hanyar Sunkani sai ga shingen 'yan banga. Ɗayansu ya zuge jakar, ya yi tsalle baya!

"Oga! Bindiga!"

Kafin in buɗe baki mutane sun kewaye ni. Wata mai sayar da doya sai ihu take, "Mai satar mutane ne!" Wani har ya ɗauko dutse.

Shugabansu, wani dattijo, ya ce, "Kai, durƙusa!"

Na ce, "Baba, zan durƙusa, amma wallahi ba zan bar nan da wannan sunan ba. Ta wasa ce. Ku gwada ta."

Ya ce, "A kan wa?"

Na ce, "A kaina."

Na miƙa masa cinya. Ya ɗana, ya harba. Tas! Zafi kamar harbin rina, hawaye ya cika mini ido, amma ban motsa ba. Dattijon ya tsinci ƙwallon a ƙasa, ya murza shi, ya fashe da dariya.

Mai doya ta ce, "Ayya, yi haƙuri ɗana."

Ya miƙo mini bindigar ya ce, "Tafi. Amma ka shafa wa bakinta jan fenti. Ba kowa ne zai tsaya ya saurare ka ba."

Ban ƙarasa gonar ba. Kasuwa na juyo ina ɗingishi, yanzu haka fentin nake shafawa.