Ranar da Muka Je Ɗauko Baffa Sambo da Tsohuwar Motar Babanmu

Mun tashi da asuba daga Ƙofar Kaura, ana sallame salla muka shiga mota, mu uku: ni da kawuna da bakaniken da ya yi wa motar aiki. Shi bakaniken ba da son ransa ya zo ba. Ni na dage sai ya biyo mu, don in aikinsa zai kwance a daji, to ya kwance yana ciki. Ya yi dariya, ya ce haka ake saka wa mai gaskiya a garin nan, ya jefa akwatin kayan aikinsa a baya.

Ga abin da ya fitar da mu. Akwai wani dattijo Bafillatani, Baffa Sambo, wanda shanun mahaifinmu ke hannunsa tun kafin a haife ni, kuma bayan rasuwar mahaifin namu ba mu ga dalilin karɓe su ba. Yanar ido ce ta rufe masa ido biyu. Da rani na kawo shi Katsina likita ya duba, ya ce aikin ba mai wuya ba ne, ya ba mu rana. Ranar kuwa sai ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da hanyar rugarsa ke komawa laka da ruwa. In muka kuskure ta sai an sake bin layi, kuma dattijon ya riga ya gaya mini ba zai yarda a yi ta jan sa zuwa birni ba. Wayar babban ɗansa kwana goma ina kira ba ta shiga.

Shi ya sa na tayar da tsohuwar a-kori-kurar mahaifinmu, fara mai jan ƙafa huɗu, wadda ta daɗe a ƙofar gida kaji na kwana a ƙarƙashinta. Wata biyu ta yi a wani gareji a Ƙofar Kwaya. An ƙara mata sifirin aka ɗaga ta sama, aka sa tayoyi masu manyan haƙora, mai walda ya ƙera mata ƙarfe a gaba, aka jawo bututun shan iska har saman gilashi don kada inji ya sha ruwa a rafi. Fitilu huɗu a kan rufi ni na ce a sa, haka ma fenti ruwan ƙasa, wai don kada laka ta riƙa nunawa. Ni mutum ne mai zargi, ban ɓoye ba. Kullum na tashi daga ofis ina garejin, kuma duk abin da na sayo sai na ɗiga masa jan farcen maiɗakina a ɓoye, don in gane idan an musanya mini da tsoho. Ban taɓa kama bakaniken da komai ba, wannan kuma ya ƙara sa na sa masa ido.

Muka fita ta Ƙofar Durbi gari na yin sha, muka ɗauki hanyar Daura. Motar tana tafiya da wani irin gurnani da ba ta da shi a da, tana kuma ɗan rangaji a kwana saboda tsayin da ta yi. Duk ƙarar da na ji sai in juya in dubi bakaniken, shi kuma ya dubi taga. Gonaki sun yi kore shar, gero ya wuce tsayin mutum. Abin da na lura da shi shi ne 'yan acaɓa tun daga nesa suke sauka gefen titi su ba mu hanya. A shingen bincike ma ba a tsayar da mu ba, har wani ya ɗaga mana hannu. Na ji daɗi, na ce a raina kuɗina ba su tafi banza ba.

A wani ɗan gari da ke bakin kwalta muka tsaya karyawa. Ƙosai uku naira ɗari, ƙanana har tausayi, kokon kuwa ya sha ruwa fiye da gasara. Kafin mu tsaya teburin mai shayi cike yake da hira, muna sauka kowa ya yi tsit. Na tambayi mai shayin ko ruwa ya cika rafin da ke gaba, sai ya ce shi baƙo ne a garin. Mutumin da tukunyarsa ta yi baƙi ƙirin a wurin nan, wai baƙo. Wani mai jar hula ya tashi ya koma bayan shago yana danna waya. Nan take zuciyata ta ba ni cewa masu kai rahoto ne, irin waɗanda ake cewa suna zama a tasha suna ƙirga wanda ya wuce. Yankin nan bai sha wuya kamar yammacin jihar ba, amma labarin satar shanu da ɗauke mutane babu kunnen da bai shiga ba. Na ce wa abokan tafiyata daga yanzu kada wanda ya sake faɗin inda za mu.

Daga nan muka bar kwalta muka hau burji, burjin ma ya ƙare ya bar mu da laka. A nan kam dole na yaba wa bakaniken, ko da yake a zuci na yi. Inda wata babbar mota ta kafe har an sauke buhunan takinta, mu muka ratsa ta gefe, laka na tashi sama. Shi kuwa sai washe baki yake yana shafa gaban motar.

Wajen hantsi muka hango ƙauyen ƙarshe kafin rafi. Tun zamanin mahaifinmu akwai yadda ake yi. A tsaya a ƙauyen, a gaida mai unguwa, a bar mota ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidansa. Shi zai tura a sanar da ruga cewa baƙinsu sun iso, sannan a haye rafin a ƙafa ko a amalanken shanu, a taka kamar rabin awa. Kafin ka isa an shimfiɗa tabarma, an dama fura. Ni duk a zatona motar ce ba ta iya hayewa shi ya sa ake haka.

Kawu ya ce, “Tsaya mu gaida mai unguwa, shi aika a hwaɗa masu.”

Na ce, “Kawu, in mun tsaya, kafin mu tashi duk ƙauyen ya san inda muka nufa da lokacin da za mu dawo.”

Ya ce, “Ai don su sani ake tsayawa.”

Ban saurare shi ba. Har na zarge shi a raina cewa hira da tsohon abokinsa yake so, da zabuwar da aka saba yanka masa. Na karkata na bi burtali ta bayan gari, na yi arewa inda na san rafin yana da duwatsu a ƙasa. Kawu ya ciro carbinsa.

Hayewar ta yi kyau, ba zan rage mata komai ba. Na sa giyar ƙarfi, muka faɗa, ruwa ya kawo har bakin ƙofa, motar ta yi nishi ta murje duwatsu ta fito ɗaya gefen tana zubar da ruwa. Bakaniken ya ce yanzu kam in na ga dama in goge jan farcen nan da na ɗiɗɗiga. Ashe tun ranar farko ya gani. Sai dai wannan mahayin ba ya fitar da mutum ta gaban ruga. Ta bayanta yake ɓullowa, ta wajen kurmi, inda ba hanyar kowa ba ce.

Muka iso muka tarar babu kowa. Tukunya na kan murhu tana tafasa, ƙwaryar nono ta kife a ƙasa, maruƙa na ɗaure a dangwali suna ta kuka. Ga takalmin mace wari ɗaya a tsakar fili. Abin da ya fara zo mini shi ne an riga mu zuwa, ko kuma tarko ne, kuma mai jar hular nan ne ya kira. Na bar inji a kunne, ƙafata a kan totur, na ce kada wanda ya sauka.

Kawu ya miƙa hannu ya kashe motar da kansa, ya buɗe ƙofa ya sauka, ya yi sallama da ƙarfi.

Daga ƙofar wata bukka aka amsa. Baffa Sambo ne zaune a kan buzu, sandarsa a kan cinya, fuskarsa na fuskantar inda ƙarar ta fito. Muryarsa ba ta ko rawa ya ce, “Shanu suna gabas, ku ɗiba. Mutane kam babu kowa, ni kaɗai ne, kuma ba ni gani. Kada ku wahal da kanku shiga gero.”

Ban san lokacin da na sauko ba. Na durƙusa gabansa na ce, “Baffa, ni ne.”

Ya laluba ya kama hannuna, sai a lokacin na ji tafinsa jiƙe da gumi. Ya ce, “Ɗan Alhaji? Ta ina ka biyo?”

Na gaya masa. Ya ce matan da ke tatsa ne suka hango mota ruwan ƙasa irin ta masu bindiga ta keto rafi ta wajen kurmi, ba a aiko daga gari ba, ba a ji sallamar kowa ba. Sun so su goya shi, ya hana, ya ce zai rage masu gudu. A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kunya haɗe da baƙin ciki. Mutumin da na zo in taimaka masa shi ne na sa ya zauna shi kaɗai yana jiran mutuwa.

Dawo da mutanen ya fi hayewar rafin wuya. Kawu ya ja Baffa zuwa bakin gona, dattijon ya yi ta kira da Fillanci, yana ambaton sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ba su yarda ba da farko, suna ganin tilasta shi aka yi. Sai bayan azahar suka fara fitowa, mata da goyo, ƙafafu duk ƙaya, wata tsohuwa ana riƙe da ita. Ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya dube ni. Can sai ga babban ɗan Baffa ya iso daga ƙauye da mai unguwa da maza kusan ashirin, da gora da adda da bindigogin toka. Da mun ci karo da su a burtali kafin a yi bayani, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Kawu ne ya ba da haƙuri a madadina, ni ina tsugune kamar wanda aka kama a gonar mutane.

Ɗan ya ce mahaifinsa ba ya zuwa ko'ina yau, ya sha isasshen tashin hankali. Na ga ranar likita tana kuɓuce mana, kuma ba laka ko rafi ne suka jawo ba. Baffa ya bari kowa ya gama, sannan ya sa aka kawo mana fura da kindirmo, ya ce baƙo baƙo ne ko ta ina ya shigo. Furar ta yi daɗi. Da muka ajiye ludayi ya ce zai je, bisa sharaɗi: motar ta koma ta inda ta fito ta jira a ƙarƙashin tsamiya, shi kuma a kai shi a amalanke kamar kullum, ɗansa na tare da shi.

Haka aka yi. Na zagaya na ajiye mota a ƙofar mai unguwa, na zauna sama da awa ɗaya jama'a na zagaye ta suna leƙe. Wani ya ce ai motar Alhaji ce, ga lotsewar ƙofar baya nan da ya sani. Wani ya ce ƙarya ne, ta Alhaji ba ta da wannan mugun kama. Da amalanken ya iso muka ɗora Baffa a gaba, muka ratsa ƙauyen a hankali, gilashi a sauke. A garin mai shayi na tsaya da gangan na yi sallama na sayi burodi. Da ya leƙo ya ga dattijo a gaba, sai ga shi ya san rafin har da zurfinsa.

Mun shigo Katsina ana kiran magariba, jiki duk ciwo, domin sifirin da aka ƙara ya sa motar tauri a kan rami. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya shige ni. Wata biyu na yi ina tunanin yadda mota za ta kai ni inda ba a zuwa, ban taɓa tambayar me ya sa ake tsayawa inda ake tsayawa ba. Kuma tun daga gareji har ruga ina zargin kowa, ban ko kawo a raina cewa ni ne ake jin tsoro a hanyar ba.

An yi wa Baffa aikin ido ɗaya a ranar da aka sa, washegari aka cire bandeji. Ya dubi ɗansa ya daɗe yana dubawa, ya ce ashe har ya yi furfura. Da muka fito bakin asibiti na nuna masa inda na ajiye mota. Ya tsaya, ya kare idon da tafin hannu saboda haske, ya bi ta da kallo tun daga tayoyi har fitilun sama.

Ya ce, “Ɗan Alhaji, wagga ce?”

Na ce, “Ita ce, Baffa.”

Ya jinjina kai ya ce, “Ashe yaran nan suna da gaskiya. Da ina gani ranar nan, da ko ni ban tsaya ba.”