Wuyan Keken Jikata

Karatuna na lekol, wato boko, aji uku ne da rabi. Rabin nan ina ƙirga shi, domin ranar da aka kore ni sai da na kai azahar. Sauran ilimina a bakin kasuwar Rood Woko na same shi, tsugune gaban kekunan mutane, ina faci ina ɗaure birki har gashina ya yi fari. Saboda haka ranar da jikata ta shigo gida rungume da wani shuɗin ƙarfe mai kusurwa uku, ba taya ba sirdi, sai na yi masa duban masana, na shaida mata cewa ɓarayi sun cinye keken sun bar mata ƙashi.

"Tsoho, kadar ne," in ji ta. "Haka ake sayensa. Betete za mu haɗa, ni da kai."

"Be-te-te? Keken ne ke in'ina ko ke?"

"Keken hawan tudu ne, angon banza. Kai ban da faci me ka sani?"

Ɗiyar 'yata ta fari ce. Tun tana goye nake ce mata amarya, da ta yi baki kuma ta rama da ango marar haƙori. A lokacin ta ba ashirin baya, tana aiki a wani kantin magani a unguwar Kamsaoghin. Ran Lahadi takan bi abokanta bayan gari a kan keken aro, ta dawo da jar ƙasa har cikin kunne. Ta gaji da aro, tana son nata, wanda aka haɗa daidai jikinta.

Muka rataye kadar ɗin da igiya a reshen darbejiyar tsakar gida. Kayan ba rana ɗaya suka zo ba. Wannan watan a kawo sarƙa, wancan watan a kawo birki, wani birki mai shan mai kamar mota, wanda na rantse mata na sha gyara irinsa, alhali ban taɓa ko mafarkinsa ba. Takan kunna waya wani Bature yana bayani da Faransanci, ta juya mini rabi da Hausa rabi da Mosanci, ni kuma in gyaɗa kai in ce ai abin da nake shirin faɗa ke nan. Ran da ta gan ni na nufi kadar ɗin da guduma, ta ƙwace ta ta ɓoye a ɗakin uwarta. Na yi kwana biyu ina barazanar saki. Ta ce in sake ta mana, ta ga wadda za ta kwashi tsoho mai warin man keke.

Sai fursh ya zo, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Na irin wannan keke da dogon wuya yake zuwa, a zura shi cikin kadar, ya fito sama, a yanke shi daidai inda hannun mai keken zai huta. Sirdi ana ɗaga shi ana sauke shi. Wuya kuwa sau ɗaya ake yankawa, in ka rage ba mai mayar maka. Na ɗauko zarto, ta riƙe mini hannu.

"Kar ka taɓa, Tsoho. Sai tayoyi sun zo na hau, ka auna ni a kai."

"Ni da na goya ki a wuyan nan nawa? Na san tsawonki."

"Na da ka sani."

Tayoyin ba su riga sun zo ba zazzaɓi ya kama ta. Ran Alhamis ta dawo daga aiki ta ce kanta na sara. Ran Asabar aka kai ta asibiti. Ran Litinin da hantsi aka dawo mana da ita a lulluɓe.

Ina zaune a ƙofar gida cikin maza, ana ta yi mini ta'aziyya ina amsawa, sai wata tsohuwa daga masu wanka ta miƙo karan dawa ta bayan labule. Wanda duk ya taɓa binne nasa ya san karan nan. Da shi ake auna mamaci daga ka zuwa ƙafa, a kai wa masu haƙa. Ya wuce ta gabana a hannun wani maƙwabci. Allah Ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina ba addu'a ba ce. Cewa na yi, ga awon da nake nema. Har na ɗaga hannu. Sai na ga limamin unguwa na dubana, na mayar da hannun na shafa gemu. Karan ya tafi maƙabarta, kuma da aka gama, aka karya shi aka tura cikin ƙasa tare da ita.

Bayan sadakar bakwai wata abokiyar hawanta ta kawo kwali. Tayoyi ne, masu kaurin dantse. Ta ajiye, ta durƙusa ta gaishe ni, ta fita da gudu tana kuka. Na ɗaura su, don hannuna bai iya ganin taya a ƙasa ba. Na kwance igiya, keken ya tsaya da ƙafafunsa, wuyan nan tsirara yana nuna sama.

Masu shawara ba su yi ƙaranci ba. Kowa ya leƙo sai ya ce kada in yanke, in bar shi haka zai dace da duk wanda ya samu. Gaskiya suka faɗa, kuma ita ce ba na so in ji. Ba keken kowa muka yi wata bakwai muna haɗawa ba. Na je wurin telan jikata, ya buɗe littafi ya ba ni faɗin kafaɗa da tsawon siket. Na tsaya jikin ƙofar ɗakinta ina ƙoƙarin tuna inda kanta ke kaiwa. Yau in ce nan, gobe in ce a'a, nan. Mutumin da ya auna ƙafafun rabin mutanen Zongo ya kasa tuna tsawon jikarsa. Kowace safiya in fito da zarto, in mayar.

Uwarta kuwa, da yake 'yar fari ce, tsakanina da ita akwai kunya. Ban taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa zama kusa da ni ba. Shekara ashirin yarinyar ce ke kai magana tsakaninmu, ta ƙara mata gishiri a hanya. Da ta tafi sai muka zama mutum biyu a gida ɗaya, ina kwana, lafiya lau, shi ke nan.

Wata safiya tana shara ina zaune da zartona, sai ta tsaya. Ba ni ta duba ba, darbejiyar ta duba.

"Baba, ta fi ni da yatsa biyu. Ranar Sallah muka jera a madubi, tana yi mini dariya."

Ta jingine tsintsiya, ta gyara ɗaurin zanenta, ta hau. Na riƙe mata keken. Rabona da tsayawa kusa da ita haka tun tana rarrafe. Na ce ta miƙa hannu inda ya yi mata daɗi, ta miƙa, na sa alli. Na kawo yatsuna zan ƙara biyu.

"Ba naka ba, Baba. Naka sun yi kauri."

Ta ɗora nata a kan ƙarfen, na ja layi a samansu. Zarton na zamewa, sai ta sauko ta riƙe mini fursh ɗin da hannu biyu. Muka yanka. Guntun ya faɗi ƙasa, ba wanda ya sunkuya. Na ɗaura abin tuƙi, na ɗaga sirdi shi ma da yatsunta biyu.

Yanzu ita ke hawansa zuwa kasuwa. Ya yi mata tsawo kaɗan, in ta tsaya a mararraba da kan yatsun ƙafa take taɓa ƙasa, kamar mai leƙen katanga. Na ce ta kawo in sauke mata sirdin, wannan ba yanka ba ne, kusa ɗaya ce zan sassauta. Ta ce a bar shi.