Sista Ɓata-Layi Ta Ajiye Aiki

Ƙarfe bakwai na safe take shigowa sashen gaggawa na yara, da takalmin roba da agogo maƙale a ƙirji. An ajiye mata tebur da kujera a bakin ƙofa, amma kujerar nan jakarta kawai ta sani. Sai ta bi bencin iyaye daga ƙarshe zuwa farko, tana ɗaga mayafi tana leƙa goyo. Ta danna farcen wannan ta ga ko jini zai dawo da wuri, ta ƙirga numfashin wancan, sannan ta yanke: wannan yanzu-yanzu, wannan ya biyo baya, sauran su jira. Wanda ya zo na talatin sai ya riga na farko ganin likita. Shi ya sa iyaye suka laƙaba mata Sista Ɓata-Layi, kuma ba don ƙauna ba.

Zagi kam ta sha shi. A gabana wani dattijo ya daka mata tsawa: "Haba Sista, tun da sassafe muke nan! Ba kya jin ihun jikana?"

"Ina ji, Baba, kuma na duba shi," ta ce. "Mai ihu da sauran ƙarfinsa. Na shirun nake tsoro."

Ni ce mai na shirun a ranar, shekara goma sha bakwai ke nan. Kwana uku 'yata tana gudawa tana tsala kuka, sai da safiyar nan ta yi lamo a bayana. Wallahi har daɗi na ji, na ɗauka sauƙi ne ya samu. Da Sista ta iso kaina na ce, "Barci take, don Allah kar ki tashe ta."

Ba ta ko kalle ni ba. Ta ja fatar cikin yarinyar ta saki, fatar ta tsaya cak.

"Wannan ba barci ba ne, ƙanwata. Kwanto ta."

Ta karɓe ta a guje, ni kuma ina biye ina mitar ta fizge mini 'ya. Daga baya likita ya ce da mun jira layi ya zo kanmu, da ba wannan maganar ake ba.

Ke ce uwar yaran da kuka ya gagara, Sista, kuma ban taɓa ce miki na gode ba. Ranar da aka sallame mu na hango ki durƙushe gaban wani goyon, na ce sai wani jiƙon. Wani jiƙon ya ci shekara goma sha bakwai. Makon jiya na kama hannun yarinyar muka je asibitin don mu yi miki godiya, aka ce kin ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi. Na daɗe tsaye ina kallon kujerar, babu jakarki a kai. Na yi kewarki, ni da ko sunanki na gaskiya ban sani ba.

Ku da kuka gaje ta, ku bar kujerar nan ta huta, ku bi benci. Mu iyaye kuma, in an tsallake mu, mu riƙe bakinmu.

Sista, Allah ya saka miki da alheri, ya ba gwiwoyinki lafiya. Yarinyar da kika ce ba barci take ba, yau surutunta ya ishi kowa a gida, ni kuwa ban taɓa ce mata ta yi shiru ba.