Amsar Mai Makaranta a Blog Ɗina

A shekarata ta biyu a jami'a, malamar da ke koya mana dokar haƙƙin ɗan Adam ta ce kowa ya buɗe blog, ya rubuta zaluncin da ya gani da idonsa. 'Yan ajinmu suka bazama unguwar Pissy ɗaukar hoton mata masu fasa dutse. Ni ko ƙofa ban leƙa ba. Abin rubutuna yana tsakar gidanmu a Zongo, yana juya keken ɗinki da hannu.

Ƙanwata ce. Shan inna ya shanye mata ƙafa tun tana goye. Ranar da mahaifiyarmu ta kai ta lakwal, mai makarantar, wani Alhaji da unguwa ke ji da shi, ya dube ta sama da ƙasa ya ce benensa ba na masu jan gindi ba ne. Daga ranar ko layin ba ta ƙara bi ba, ta girma ba karatu. Na riƙe shi a raina, ban kuma taɓa roƙon Allah ya yaye min ba.

Na rubuta, na zuba barkono son raina. Malama ta karanta ta ce, "Ba suna, ba zagi. Kuma ki kai wa mai makarantar, ki sa amsarsa a ƙasa. Shi ma yana da haƙƙi."

Haushi ya kama ni. Sai na tuna duk Juma'a bayan masallaci zaurensa cike yake da dattawa, kuma a Zongo ba a korar wanda ya yi sallama. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ranar Juma'a na yi sallama a zauren, na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. "Baba Alhaji, aikin lakwal ne, an ce sai na ji ta bakinka." Na fito da wayata portabul, na juya musu Faransancin da na rubuta zuwa Hausa, a tsanake, har maganar jan gindin. Liman ya sunkuyar da kai.

"'Yata," in ji Alhaji, "wallahi ban ma tuna yarinyar ba."

"To, Baba, haka zan rubuta."

Haka kuwa na rubuta, ko wasali ban ƙara ba.

Ina shiga gida ƙanwata ta tsayar da keke. "Yaya, ya tuna ni?"

"A'a," na ce. "Amma yau a gaban liman aka tuna masa, ba zai sake mantawa ba har ya koma ga Allah."